Sophie Spitz

Sophie Spitz (an haife ta ranar 4 ga watan Fabrairu, 1910, ta rasu a watan Agusta, 1956) likita ce 'yar ƙasar Amurka, ƙwararriya a fannin fatoloji, wato ilimin gano cuta ta hanyar duba tsokar da aka yanko daga jikin mutum a ƙarƙashin madubin likita. An fi saninta da maƙalar da ta wallafa a shekarar 1948, inda ta yi bayanin wani ƙari da ke fitowa a fatar yara, wanda a madubi yake kama da melanoma, ɗaya daga cikin mafiya haɗarin nau'o'in ciwon dajin fata, alhali ba ya yaɗuwa a jiki kuma ba ya kisa. A littattafan likitanci na yau ana kiran wannan ƙari Spitz nevus. Kalmar nevus daga harshen Latin take, kuma tana nufin abin da Hausawa ke kira tawadar Allah, don haka ana iya ce masa tawadar Spitz.

Kafin aikinta, yaron da aka ce yana da melanoma yakan fuskanci babbar tiyata, a yanke fata mai faɗi, a cire kaluluwar da ke kusa, iyayensa kuma su zauna cikin fargabar mutuwa. Binciken Spitz ya buɗe hanyar ware yaran da ba sa buƙatar wannan. Ta kuma yi aiki a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, da gwajin ciwon dajin bakin mahaifa, da sinadaran rini masu haddasa ciwon daji. Ta rasu tana da shekara 46.

## Farkon rayuwa da karatu

An haifi Sophie Spitz a birnin Nashville na jihar Tennessee, a kudancin Amurka, cikin iyalin Yahudawa. Baffanta Herman Spitz likitan fatoloji ne a wannan birni, kuma ta wurinsa ta fara sanin aikin ɗakin gwaji da sha'awar fannin.

Ta yi karatun likitanci a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, ta kammala a shekarar 1932 tana da shekara 22. A lokacin da take ɗaliba, shugaban sashen fatoloji na makarantar shi ne Ernest Goodpasture, wanda a 1931 shi da Alice Woodruff suka nuna cewa ana iya rainon ƙwayar bairos a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, dabarar da daga baya aka gina samar da allurar rigakafi da dama a kanta.

A wancan zamani mata ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na masu kammala karatun likitanci a Amurka ba, kuma asibitoci da yawa ba sa karɓar mace ta yi aikin sanin makama. Wannan ya sa matan da suka gama karatu suke neman gurbi a 'yan asibitocin da mata suka kafa da kansu.

## Asibitin mata da yara na New York

Spitz ta koma birnin New York, ta yi horonta a New York Infirmary for Women and Children. Wannan asibiti an buɗe shi a 1857, kuma waɗanda suka kafa shi su ne Elizabeth Blackwell, mace ta farko da ta sami digirin likitanci a Amurka a 1849, da ƙanwarta Emily Blackwell, da Marie Zakrzewska. Mata ne likitocinsa, mata da yara ne marasa lafiyarsa. Spitz ta ci gaba da alaƙa da wannan asibiti har ƙarshen rayuwarta.

A asibitin akwai wata babbar likitar fatoloji mai suna Elise Strang L'Esperance, wadda a shekarun 1930 ta buɗe sashen duba masu ƙari, sannan ta buɗe sashen da ake duba matan da ba su da wata alamar ciwo domin a gano ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba. A daidai wannan lokaci George Papanicolaou na Jami'ar Cornell yana ƙoƙarin shawo kan likitoci su karɓi gwajin da yau ake kira gwajin Pap, inda ake shafo ƙwayoyin jiki daga bakin mahaifa a duba su a madubi. Shi da Herbert Traut sun wallafa sakamakonsu a 1941, suka fitar da littafi a 1943. Likitocin fatoloji da yawa sun yi shakkar cewa za a iya gane ciwon daji daga ƙwayoyin da aka shafo ba tare da an yanko tsoka ba. Spitz tana cikin waɗanda suka goyi bayan gwajin tun yana sabo.

A shekarar 1942 ta auri Arthur C. Allen, shi ma likitan fatoloji. Sun zama abokan bincike, kuma da yawa daga cikin muhimman ayyukanta na ɗauke da sunayensu su biyu.

## Shekarun yaƙi da cututtukan ƙasashe masu zafi

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Spitz ta yi aiki a cibiyar fatoloji ta rundunar sojan Amurka da ke Washington. Sojojin Amurka suna fagen daga a tsibiran tekun Pasifik, da kudu maso gabashin Asiya, da Arewacin Afirka, suna kamuwa da cututtukan da yawancin likitocin ƙasar ba su taɓa gani ba. Daga asibitocin soja ake aiko da samfurin tsoka zuwa cibiyar domin a duba.

Daga wannan tarin samfuri ne Spitz da shugaban cibiyar, Kanar James Earle Ash, suka rubuta littafin *Pathology of Tropical Diseases*, wanda ya fito a 1945. Littafi ne na hotuna da bayani, yana nuna yadda cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro, da kuturta, da shawara, da tsargiya suke lalata sassan jiki, da yadda kowacce take bayyana a madubi.

A shekarar 1945 ɗin, ita da Allen sun wallafa nazarin da ya kwatanta wani zazzaɓi na Asiya mai suna tsutsugamushi, wanda wasu ƙananan ƙwari dangin kaska suke yaɗawa, da sauran cututtukan danginsa. A 1946 kuma ta wallafa nazari a kan yadda zazzaɓin cizon sauro nau'in falsifarum yake taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran sassan jiki. Wannan nau'i shi ne ya fi yawa kuma ya fi kisa a Najeriya da Nijar.

Bayan yaƙi ta dawo New York, ta ci gaba da aiki a asibitin mata, ta kuma haɗa da aiki a asibitin Memorial, wanda ya keɓanta da ciwon daji. An kafa shi a 1884, kuma yau ana kiransa Memorial Sloan Kettering. Sashen fatolojinsa yana ƙarƙashin Fred Stewart a lokacin, kuma likitoci daga sassan Amurka suna aiko masa da samfurin da ya gagare su.

## Matsalar melanoma a jikin yara

Melanoma ciwon daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da launin fata, waɗanda ake kira melanosait. Tawadar Allah ma daga waɗannan ƙwayoyi take, sai dai ita tarinsu ne da ya tsaya wuri ɗaya ba ya cutarwa. Melanoma kuwa tana kutsawa cikin fata, ta bi hanyoyin kaluluwa da jini, ta isa huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa.

A farkon rabin ƙarni na 20 babu maganin da ke aiki a kan melanomar da ta yaɗu, saboda haka tiyata ce kawai abin dogaro. Tun 1907 likitan tiyata na Ingila, William Sampson Handley, ya ba da shawarar a riƙa yanke fata mai faɗi a kewayen ƙarin, a kuma cire kaluluwar yankin. A asibitin Memorial, George Pack ya shahara da irin wannan babbar tiyata, wadda a wasu lokuta take kaiwa ga yanke hannu ko ƙafa.

Sai dai likitoci sun daɗe suna lura da wani abu mai ɗaure kai. Manyan da aka ce suna da melanoma da yawansu suna mutuwa cikin 'yan shekaru, yaran da aka faɗa wa haka kuwa kusan dukkansu suna rayuwa lafiya. A 1910, shekarar da aka haifi Spitz, likitocin fata biyu na Faransa, Jean Darier da Achille Civatte, sun ba da rahoton wani ƙari a hancin ƙaramin yaro, suka kasa yanke hukunci ko tawada ce ko ciwon daji. Pack shi ma ya lura da haka, har ya ware abin da ya kira melanomar kafin balaga. Abin da ya rage shi ne wanda zai tattara irin waɗannan samfura, ya kwatanta su da kyau, ya kuma bi sawun yaran ya ga abin da ya same su.

## Maƙalar shekarar 1948

Wannan aiki ne Spitz ta yi. Maƙalarta mai suna *Melanomas of Childhood* ta fito a mujallar American Journal of Pathology a 1948. Ta yi nazarin yara 13, masu shekaru daga wata 18 zuwa shekara 12, waɗanda duka aka yanke wa hukuncin melanoma bisa abin da aka gani a madubi. Ta kwatanta samfuransu da na tawadar Allah ta yau da kullum da aka cire daga wasu yara, da kuma na melanomar da aka cire daga matasan da suka riga suka balaga.

Cikin yaran 13, ɗaya ce kawai ta mutu, yarinya 'yar shekara 12 wadda ƙarinta ya kasance a ƙafa. Sauran 12 suna raye ba tare da alamar yaɗuwar ciwo ba, wasunsu ma an bi sawunsu har shekara 13. Da a ce ciwon nasu irin na manya ne, da ba a sami wannan sakamako ba.

Ta bayyana siffar ƙarin dalla-dalla: manyan ƙwayoyi, wasu dogaye masu tsini a baki biyu, wasu masu faɗi da cikar jiki, da kuma ƙattin ƙwayoyi waɗanda ta gani a kusan rabin samfuran, ta kuma ɗauke su a matsayin alamar da ta fi taimakawa wajen bambancewa. Duk da haka ta bayyana cewa a yawancin samfuran madubi kaɗai ba ya isa a raba su da melanomar manya cikin tabbaci.

A wannan maƙala Spitz ba ta ce ƙarin tawada ce marar illa ba. Ta kira shi melanomar ƙuruciya, tana ganin cewa asalinsa ciwon daji ne wanda wani abu a jikin yaro yake hana shi yaɗuwa. Ta yi hasashen cewa sinadaran homon da ke tasowa lokacin balaga su ne suke sakar masa mara. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da wannan hasashe ba. Abin da ya tabbata shi ne ainihin abin da ta gano, cewa akwai ƙarin da siffarsa a madubi take nuna ciwon daji amma halinsa a jikin mutum ya saɓa da haka. A kan wannan ta kafa shawararta cewa irin waɗannan yara ba sa buƙatar babbar tiyata, cire ƙarin kaɗai ya wadatar.

## Aikinta da Allen a 1953

Bayan shekara biyar, a 1953, Allen da Spitz sun wallafa doguwar maƙala a mujallar Cancer, inda suka yi nazarin ɗaruruwan masu melanoma. A nan suka sauya matsayin 1948. Suka bayyana cewa melanomar ƙuruciya nau'in tawadar Allah ce marar illa, suka jera alamomin da za a iya bambance ta da su a madubi, suka kuma nuna cewa tana fitowa a jikin manya ma. Wannan batu na ƙarshe ya raunana hasashen homon, ya kuma ƙara wa likitoci nauyi, domin daga nan shekarun marar lafiya kaɗai ba sa yanke hukunci.

Maƙalar ta kuma taɓo abubuwan da ke nuna yadda melanoma ta gaskiya za ta kaya. Sun lura cewa wadda ta fashe ta zama miki ta fi muni, kuma wadda ta tsaya a saman fata ta fi wadda ta nutsa sauƙi. Wallace Clark a 1969 da Alexander Breslow a 1970 sun mayar da batun zurfi ma'auni, kuma har yau kaurin ƙari da fashewarsa suna cikin abubuwan farko da likitan fatoloji ke rubutawa a rahotonsa.

Akwai ra'ayinsu da bai tsaya ba. Sun ɗauka cewa kusan kowace melanoma daga tsohuwar tawada take tasowa. Binciken baya ya nuna cewa mafi yawanta tana fitowa ne a fatar da babu tawada a wurin, kuma wadda ke tasowa daga tawada ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. A 1954 Allen ya fitar da babban littafinsa a kan cututtukan fata mai suna *The Skin*, wanda ya yaɗa ma'aunansu a tsakanin likitoci.

## Yadda ake gane tawadar Spitz

A ido, tawadar Spitz ƙaramin tsiro ne mai santsi, mai siffar ƙubba, galibi faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. A farar fata yakan zama ja ko ruwan hoda, wani kuma yakan zama ruwan ƙasa ko baƙi. Yakan fito a fuskar yara ko a ƙafafu, ya girma da sauri cikin 'yan watanni, sannan ya tsaya. Wannan saurin girma shi ne yake tayar da hankalin iyaye da likitoci.

Idan aka cire shi, ana saka tsokar a ruwan fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta siriri ƙwarai, a rina ta, sannan a duba. Likitan fatoloji yana auna abubuwa da dama tare:

- Daidaito: tawadar Spitz ɓangarenta na dama yana kama da na hagu, melanoma kuwa takan karkace.
- Iyaka: tawadar tana tsayawa a wuri bayyananne, melanoma takan watsa ƙwayoyi ɗai-ɗai zuwa gefe.
- Canji da zurfi: ƙwayoyin tawadar suna ƙanƙancewa yayin da aka yi ƙasa cikin fata, na melanoma suna zama da girmansu.
- Rabuwar ƙwayoyi: a tawadar ba ta da yawa kuma a sama take, idan aka gan ta da yawa a can ƙasa, alama ce ta haɗari.
- Girma da fashewa: ƙarin da ya wuce santimita ɗaya ko ya zama miki yana buƙatar ƙarin taka-tsantsan.
- Shekaru: a ƙaramin yaro tawadar Spitz ta fi melanoma yawa nesa ba kusa ba, amma gwargwadon yawan shekarun mutum, gwargwadon yadda zargin melanoma yake ƙaruwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ke yanke hukunci ita kaɗai. Kuskure kuma yana da tsada ta kowane ɓangare. Idan aka kira tawada melanoma, an jawo wa mutum tiyatar da ba ya buƙata, da tabo, da tsoro na shekaru. Idan aka kira melanoma tawada, an sallami mai ciwon daji ya koma gida har ciwon ya yaɗu.

## Bincike a kan sinadarin benzidin

Spitz ta yi aiki a kan abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Tun 1895 likitan tiyata na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura cewa ciwon dajin mafitsara ya yi yawa a tsakanin ma'aikatan masana'antun rini na zamani, amma an daɗe ana gardama a kan sinadarin da ke da alhakin haka. A 1950 Spitz da W. H. Maguigan da Konrad Dobriner sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da benzidin, sinadarin da ake haɗa rini kala-kala da shi, inda suka nuna cewa yana haifar da ciwon daji a jikin ɓeraye, musamman a hanta. A 1954 Robert Case da abokan aikinsa a Ingila suka nuna da alƙaluma cewa ma'aikatan da ke taɓa shi suna kamuwa da ciwon dajin mafitsara fiye da sauran mutane. Yau hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya benzidin a rukunin sinadaran da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, kuma ƙasashe da yawa sun hana ko sun taƙaita amfani da shi.

## Rasuwa

Sophie Spitz ta rasu a watan Agusta na 1956 sakamakon ciwon dajin babban hanji, shekara takwas bayan fitowar maƙalar da ta sa aka san ta. Ba ta ga lokacin da aka fara kiran ƙarin da sunanta ba.

## Tasirin aikinta

Likitoci sun ga cewa sunan melanomar ƙuruciya yana ruɗarwa, tunda ƙarin ba melanoma ba ne kuma bai tsaya ga yara ba. Elson Helwig, sannan Kernen da Lauren Ackerman a 1960, sun yi amfani da sunan da ke bayyana siffar ƙwayoyinsa. A hankali sunan Spitz ya rinjaya. A 1977 David Weedon da J. H. Little na Ostareliya sun wallafa nazarin samfura 211 da wannan suna. A 1975 Richard Reed ya bayyana wani nau'i baƙi ƙirin mai dogayen ƙwayoyi, wanda ake kira da sunansa. A 1979 Hideko Kamino da abokan aikinta sun bayyana wasu 'yan dunƙule masu launin hoda da ake yawan gani a saman tawadar Spitz, waɗanda suka zama wata alamar taimako.

Wahalar da Spitz ta ambata a 1948 ba ta gushe ba. A 1999 Raymond Barnhill da wasu ƙwararru sun raba samfura masu wuyar ganewa a tsakaninsu, kowa ya duba shi kaɗai, sai aka tarar ba su haɗu a kan hukunci ɗaya ba a mafi yawansu, har wasu ƙarin da suka yi kisa akwai waɗanda suka ɗauke su marasa illa. Wannan ya ƙarfafa amfani da rukuni na tsakiya, na ƙarin da ba a iya cewa tawada ce ko melanoma kai tsaye.

Nazarin ƙwayoyin gado ya ƙara haske. A shekarar 2000 Boris Bastian da abokan aikinsa sun gano canji a ƙwayar gado mai suna HRAS a wani kaso na tawadar Spitz. A 2014 Thomas Wiesner da abokan aikinsa sun nuna cewa kusan rabin ƙarin wannan dangi suna ɗauke da haɗewar ƙwayoyin gado irin su ALK da ROS1 da NTRK1 da RET, abin da ba a saba gani a melanoma ta gama-gari ba. Rabe-raben ƙarin fata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ya kasa dangin gida uku: tawadar Spitz marar illa, da ƙari na tsakiya, da melanomar Spitz, wadda ba ta da yawa.

## Sauran ƙari masu kama da ciwon daji, da halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

Tawadar Spitz ɗaya ce daga cikin tsirace-tsiracen fata da ke ruɗa likita. Akwai keratoakantoma, wadda take girma cikin makonni kamar ciwon daji, sau da yawa kuma ta motse da kanta. Akwai baƙaƙen tsiro masu kama da an manna su a fata, waɗanda ke fitowa da tsufa, da kuma ƙananan danginsu da suka yawaita a fuskar baƙar fata, waɗanda Aldo Castellani ya bayyana a 1925. Akwai kuma jan tsiro mai saurin zubar da jini da ke biyo bayan ɗan rauni, wanda a ido ake yawan rikita shi da tawadar Spitz. Dukkansu ba ciwon daji ba ne, amma a wasu lokuta sai an duba a madubi ake tabbatarwa.

A Afirka ta Yamma matsalar ta fi zuwa ta ɗaya ɓangaren, wato a ɗauki ciwon daji a matsayin abu marar illa. Melanoma ba ta da yawa a baƙar fata kamar yadda take a farar fata, kuma idan ta zo ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Sau da yawa ana ɗaukarta a matsayin tusar jaki, ko sukar ƙaya, ko mikin da ya ƙi warkewa, sai ta girma kafin a je asibiti. Zabiya kuma suna cikin haɗarin wani nau'in ciwon dajin fata saboda zafin rana, haka nan tsohon gyambo ko tabon ƙuna yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji bayan shekaru.

A arewacin Najeriya ana duba irin wannan tsoka a sassan fatoloji na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke karɓar marasa lafiya daga jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ƙarin da aka ƙone ko aka yanke aka yar ba tare da an kai ɗakin gwaji ba, babu mai iya sanin ko mene ne. Hanyar da likitocin waɗannan sassa suke bi ita ce wadda Spitz ta bi da yaranta 13: a cire ƙarin gaba ɗaya, a duba shi a madubi, a haɗa abin da aka gani da shekarun marar lafiya da wurin da ƙarin ya fito, sannan a ci gaba da duba mutumin bayan an sallame shi.